Ƙaiƙayi a Cikin Fanka

Tun da hantsi Tanko ke cusa kayan ɗakin radiyo cikin buhun shinkafa, matarsa Mariyatu na tsaye bakin ƙofa tana sharar wurin da ta riga ta share.

"Malam, ka bari sai kasuwa mai zuwa mana."

"Kasuwa mai zuwa ido za ta maido min?" Ya ɗauki ƙarfen da yake narka dalma da shi, ya shafa shi da babban yatsa, ya jefa cikin buhu. "Ko hannu za ta saida min? Na faɗi, kuma kin ji ni. Yau Tamaske za su kwana."

Ta ji shi kam. Duk unguwa ta ji shi.

Shi Tanko ba mai gyaran radiyo ba ne irin na bakin tasha, kada ku ɗauka haka. Zamanin porje, babban aikin nan na gyaran ƙasa, lokacin da tudunnan Keita sunka cika da mata masu ɗaukar dutse, shi ke riƙe da radiyon da ake magana da shi daga wannan sansani zuwa wancan. Aiki ya ƙare, ciwon radiyo bai ƙare ba. Ya tafi Yamai ya samo izini, ya kafa dogon ƙarfe a tsakar gida, daidai inda masu hankali ke dasa bedi su sha inuwa. Kullum bayan la'asar sai ya shige ɗaki yana kiran mutanen da bai taɓa cin tuwo da su ba: wani tsoho a Agadas, wani a Abijan, da wani Bature can ƙasarsu wanda ya taɓa zama Keita, har yanzu yana tambayar ko an yi ruwa. Ga salula a aljihun kowa, har masu saida goro, amma a'a, su sai sun yi hirarsu cikin shuuu da ƙiii kamar ana suyar gyaɗa.

To, shekarun nan abokan nasa sunka fara ce masa muryarsa tana isowa kamar kukan sauro. Maganin wannan wai wani akwati ne da ake kira ampili: magana ta fito radiyo siririya, shi zai ƙara mata ƙarfi kafin ta hau ƙarfe ta kama hanya. Saye? Allah ya kiyaye. Tanko da hannunsa zai gina. Damina ta wuce, wata ta zo, yana nan yana naɗa jar waya kamar awarwaro, yana liƙa 'yan mitsi-mitsin abubuwa da dalma, hanci na gogar aiki saboda yanar da ta fara hawa masa ido. Hannun ma ya soma rawa, rabin shayinsa riga ke sha. A tsakiyar akwatin ya kwantar da wasu abubuwa biyu farare masu fiffike kamar fara, taranzisto yake ce musu, Baturen nan ya aiko masa, su ne zuciyar abin. Zafi ne ajalinsu. Don haka ya ɗora su bisa wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, ya sa 'yar fanka tana yi musu fifita, ya huhhuda murfin daga sama don zafi ya samu hanyar fita.

Ranar da ya gama, a gindin itacen da tsofaffi ke zama ya faɗi maganar, kowa na ji: "Wanga akwati shi ne alƙali tsakanina da tsuhwa. In ya yi, da saurana. In bai yi ba na aje, in koma jan tasbaha kamar ku."

Jiya anka yi shari'ar. Ya kunna shi da safe, ya ce sai ya wuni yana aiki a ga ko zai jure. Bai daɗe ba anka yi sallama, rasuwa bayan masallaci, irin wadda ba a cewa ina zuwa. Ya rage wa akwatin ƙarfi, ya sa hula, ya ce, "Kada kowa ya taɓa." Ya fita.

Ita kuwa Mariyatu nata ya ishe ta. Zabuwa dai kun san halinta, ta iya zuba ƙwai, ba ta iya kwanci ba. Shi ya sa Mariyatu ta sa wa jar kazarta ƙwan zabi, kaza ta kwanta lafiya lau har kwanaki. Da asubar jiya tunku ya shigo ya yi gaba da kazar, ya bar mata gashi da ƙwai. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ƙwan da ya fara ɗaukar rai kuwa in ya huce ya tafi ke nan. Ta leƙa gidan Fiddausiya, maƙwabciyarta mai kaza a kan kwanci, anka ce ta tafi gona sai azahar. Ta dawo tana zagaya gida da ƙwai cikin ƙwarya. Murhu ya yi yawa, zani ya yi kaɗan. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin radiyo ta ji fanka na kuka. Ta shiga. Ta ɗora tafin hannu bisa akwatin.

Ɗumi, daidai na cikin kaza.

Ta shimfiɗa tsumma bisa hudojin nan, ta juye ƙaiƙayin akurki a kai, ta jera ƙwai, ta lulluɓe duka da bargo har ƙasa, ta danne gefe da gefe don kada iska ta sami ƙofa, yadda duk macen da ta san kiwo za ta yi. Ta koma dakanta da ranta fari, har tana cewa a zuci yau dai tarkacen Malam sun yi rana.

Wari ne ya kira ta, irin na takalmin roba a wuta. Ta yaye bargo: fanka ta yi shiru, 'yar jar fitilar akwatin ta mutu. Ta kwashe ƙwai da gefen zani suna ƙona ta, ta share, ta goge, ta buɗe taga, ta kawo garwashi ta zuba turare. Bayan ɗaki ta fasa ƙwai ɗaya. Ya dahu tsaf, gishiri da yaji kawai sunka rage. Ta fasa wani, haka. Ta binne su duka a juji.

Da Tanko ya dawo ya buɗe murfi, fararen nan biyu sun koma gawayi. Mariyatu na bakin turmi ta shirya ƙarya har kala biyu, tana jiran a tambaya. Ba a tambaya ba. Zama ya yi yana jujjuya hannuwansa kamar na aro.

"Wani wuri na haɗa da ba a haɗawa," ya ce. "Ido bai gani ba, hannu bai ji ba. Alƙali ya yanke."

Tuwo ya huce a gabansa. La'asar ta yi bai shiga ɗaki ba, ya kwanta bisa tabarma ya ba gari baya. Gida ya yi tsit. Shirun nan kuwa Mariyatu ta daɗe tana roƙon Allah shi, ɗakin ma ta daɗe da auna shi da ido, ta san buhun albasa nawa zai ci. Ga shi Allah ya amsa mata addu'a, ta rasa inda za ta aje ta.

Shi ya sa yau take sharar wuri guda. Da ya ɗaure bakin buhu sai ta jingine tsintsiya.

"Ni ma za ni Tamaske."

"Yin mi?"

"Kaza zan saye."

Wannan kam gaskiya ce. Ita ce ma gaskiyar da ta rage mata.

A tasha direba ya ce a sa akwatin bisa mota tare da buhunan hatsi. Tanko ya ce ko gawa ce ai ba a jefa ta kamar kayan wanki. Shi ya rungumi buhu, akwatin anka ɗora shi bisa cinyar Mariyatu. Mota ta kama hanya tana faɗawa rami tana fitowa, hatsi ya yi kore hagu da dama, warin ƙunar nan yana tasowa ta hudojin murfi yana shiga mata hanci. Wata mata da ke gefenta ta duƙa ta leƙa hudojin.

"Inna, 'yan tsaki ne ciki?"

"Uwarki ce ciki!"

Matar ta ja mayafi ta koma kallon taga. Tanko ya juyo ya dubi matarsa, don bai santa da ashar ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Rumfar Mahamud tana bakin kasuwa, tsakanin masu albasa da masu takalma. Magidanci ne mai tumbi, salula yake gyara da ampilin masallatai, kuma ya daɗe yana lasar baki a kan kayan Tanko. Da ya hango buhu sai ya miƙe har yana ture kujera.

"A'a! Baba Tanko da kanshi! Inna, sannu da hanya. A kawo ruwa!"

"Bar ruwa," in ji Tanko. "Buɗe buhu."

Ya fiffito da su ɗaya-ɗaya yana jerawa bisa tebur: ƙarfen dalma, agogon awo mai allura, naɗin jar waya, gwangwanayen madara cike da 'yan mitsi-mitsi. Ya karɓi akwatin daga hannun Mariyatu ya aje a ƙarshe.

"Wanga ya ƙone, amma ƙarhen ciki da fanka za su yi maka amfani. Radiyon da ke gida sai ka aiko a kwance."

"Subhanallahi. Mi ya same shi, Baba?"

"Ni na same shi. Tsuhwa."

Mahamud ya kwance murfi. Tanko bai so gani ba, ya juya yana kallon masu albasa. Mahamud ya bi aikin da ido, ya daɗe yana bi, har ya manta da bakinsa a buɗe. Ya sa yatsa zai juya fanka, ta ƙi. Ya karkata akwatin ya bubbuga. Sai ga ƙaiƙayi yana zubowa ƙasa, tafi guda, da ɗan jan gashin kaza a bisa.

Ya dubi ƙaiƙayi. Ya dubi bayan Tanko. Ya dubi Mariyatu, ya ga yadda ta riƙe numfashi. Ɗan kasuwa ba sai an karanta masa ba. A hankali ya matsa ƙafa ya take wurin.

"Gaskiyarka, Baba," ya ce, ya sa murya irin ta gaisuwar mutuwa. "Aikin ga ido yake so. Ga shi nan, dalma ta zarce ta haɗa abin da ba a haɗawa. Ba laihinka ba ne, kowa da lokacinshi. Ka huta haka nan." Ya kashe wa Mariyatu ido ɗaya. "Inna ma ta huta da shuuu. Ko ba haka ba, Inna?"

Ya faɗi abin da zai biya, kuɗin da ko gurguwar akuya ba za ta bi ka gida da su ba. Tanko bai ce a ƙara ba. Mutumin da kan wuni yana ciniki a kan ƙullin taba, yau kai kawai ya ɗaga. Ya ɗauki ƙarfen dalman nan ya miƙa da hannu biyu.

"Kada ka bar shi cikin wuta in ba aiki kake ba. Ka riƙa goge mashi baki da tsumma mai laima. Ya girmi ɗiyana duka, bai taɓa ba ni kunya ba. Ni na ba shi kunya."

Mariyatu ta dubi ƙafar Mahamud. Takalmi ne fari mai tsini, irin na 'yan Libiya. Tun da anka kawo ta gidan Tanko ba ta taɓa haɗa asiri da wani namiji ba, yau ga ta da tsufanta ita da mai tumbi sun zama abokan sata, har da kashe ido. Jiya akwati ta ƙona, ba da nufi ba. Wannan na yau kuwa mutum ne, kuma tana tsaye tana kallo.

"Ɗaga ƙahwarka."

"Na'am, Inna?"

"Ɗaga ƙahwarka na ce. Ko Hausar ta ƙare, sai da Faransanci?"

Ya ɗaga. Ta duƙa, gwiwa na ƙara, ta tattara ƙaiƙayin da gashin. Ta kama hannun mijinta, a tsakiyar kasuwa, abin da ko tana amarya ba ta yi ba, ta zuba masa a tafi. Masu albasa sunka bar awo.

Tanko ya murza. Ya kai hanci.

"Ƙaiƙayin hatsi," ya ce.

"Na akurkina. Da gashin jar kazata. Cikin fankarka ya hito yanzu, wanga bawan Allah ya take."

"Mi ya kai akurki cikin fankata?"

Ta faɗa masa. Tunku, sanyi, Fiddausiya ta tafi gona, ɗumi kamar cikin kaza. Ba ta rage ba, ba ta kuma sa kuka ba, don kuka a shekarunta ɓarnar ruwa ne. Ta faɗi kamar mai ba da saƙon wani.

"Hudojin sama kika toshe?"

"Da tsumma."

"Gefen fanka fa?"

"Bargo na sa. Har ƙasa. Na danne."

"Wane bargon?"

"Naka na sanyi. Shi ya hi kauri."

Wani mai albasa ya fashe da dariya har ya zauna cikin kayansa. Wani ya ɗaga murya: "Baba, ashe kaza ka gina! A gina min biyu!" Kafin ka ce me, labari ya kai wajen masu takalma. Mariyatu ta ja mayafi ta tsaya ƙyam, kunnuwa na zafi.

"Wallahi, Baba, ni ma yanzu nike shirin hwaɗi maka," in ji Mahamud.

Tanko bai ko dube shi ba. Ya zare ƙarfen dalma daga hannunsa, ya goge shi da gefen riga, ya mayar cikin buhu. Agogon awo, waya, gwangwanaye, ɗaya-ɗaya kamar yadda sunka fito. Ya ɗaure, ya saɓa, ya kama hanyar tasha. Akwatin ya bari bisa tebur. Ta ɗauka ta aza a kai ta bi shi, mutane na buɗa musu hanya suna cije leɓe. Kazar dai ba a saya ba.

A mota taga yake ta kallo. Daga tasha zuwa gida yana gaba tana baya. Ta so ya yi faɗa, faɗa ai yana da ƙarshe. Ya shige ɗakin radiyo, ita ta aje akwatin a bakin ƙofa, ta tafi ta hura wutar da ba ta da abin ɗorawa. Tana jin shi yana fitar da kaya, ƙwal, ƙwal. Ya fito ya yi alwala, ya yi la'asar, ya koma.

"Mariyatu."

Ta zo ta tsaya inda ta tsaya da safe. Ya jawo akwatin bisa tebur, murfi a buɗe, yana tsince fanka da tsinken tsintsiya.

"Kin bar ni na kwana ina zagin hannuna."

"Na bari."

"Da wancan bai bubbuga akwatin ba fa?"

Ƙaryar nan kala biyu tana nan a shirye tun jiya, ba a taɓa ta ba.

"Ban sani ba, Malam," ta ce. "Wataƙila da albasa ta kwana nan."

Ya daɗe yana tsince fanka. Ya hura. Ya sa yatsa, ta juya.

"Ƙwan fa?"

"Sun dahu."

"Dahuwa?"

"Har gwaiduwa."

"Duka?"

"Duka. Ko na gefe bai tsira ba."

Ya aje tsinke. Gemunsa ya ɗan motsa, ya sa hannu ya rufe shi, amma ta gani.

"Kuma a rabin ƙarhi na bar shi," ya ce, ba da ita yake ba.

Ya shafa ƙarfen nan mai haƙora kamar mai shafa wuyan sa. Sannan ya gyara zama ya murɗa radiyo, shuuu ɗin nan ya cika ɗaki, ya fita tsakar gida, ya tsallaka katanga.

"Taranzisto ba su tsirowa a nan ƙasar Adar," ya ce. "Sai na sake roƙon Bature, kuma sai ya tambayi mi ya ci na farko. Ni kuwa ba ni yi mashi ƙarya. Agadas na saurare, Abijan na saurare."

"Malam, kunyar Tamaske ba ta isa ba?"

"Jawo kujera. Idonki ya hi nawa, tun da har ya gano kaza inda ni ban gani ba. Riƙe wagga waya. Ja ce ko baƙa?"

Ta jawo kujera ta zauna, daidai kusurwar da ta yi wa albasa alkawari.

"Ja ce."

"To riƙe, kada ki saki."

Ya ɗauki abin magana ya fara kira da muryar sauronsa. Ya kira, ya jira, ya sake kira. Can cikin suyar gyaɗa wata murya ta amsa. Tanko ya gyara hula ya shiga zuba Faransanci, hannu na yawo a iska, ba rawa ko kaɗan. A cikin zancen duka kalma biyu Mariyatu ta gane: madam, da bargo.

Sai wani tsoho can bakin teku ya kece da dariya har tari ya sarƙe shi.

Mariyatu ta riƙe jar waya, ba ta saki ba.